Ma'aunin Mai Horo: Nazari A Kan Aikin Haruna Dula



Duk shekara in kaka ta yi, aka ɗaure damman hatsi aka zuba a rumbu, sai ganga ta tashi a Cadakori da ƙauyukan da ke kewaye da ita, samari su ɗaura walki su shiga fili. Haka abin yake a Tibiri da Gidan Runji, haka a Agye da Gazawa da Gangara. Da la'asar kuma ba ka rasa yaran lakwal suna bin ƙwallo a bayan gari. A gefen kowane fili akwai wani mutum tsaye, ba ya kamawa, ba ya bugawa, amma ya fi kowa gumi. Shi ne mai horo. In yaransa sun yi kaye, su ake yi wa kirari. In an kayar da su, shi ake zagi.

Kowa a jahar Maraɗi ya san sunan Kantu, wanda ya zama zakaran kokowar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a shekarar 1975, har filin kokowa na Maraɗi ma sunansa aka sa masa. Kowa ya san Isaka Isaka na Doso da takubbansa shida. Amma ka tari mutum goma a kasuwa ka ce su faɗa maka wanda ya koya wa wani zakara kamu, da wuya ka sami mai amsa. Dalili kuwa shi ne ba mu da ma'aunin auna mai horo. Muna auna shi da wasan jiya kaɗai, kamar mai auna damina da ruwan yini ɗaya.

Saboda haka muka ga ya dace mu ɗauki aikin mutum ɗaya wanda ƙasa duka ta sani, mu ɗora shi bisa sikeli, mu ga abin da ya yi daidai, da inda ya gaza, da kuma abin da aka yi masa. Mutumin shi ne Haruna Dula Gabde, mai horar da ƴan ƙwallon ƙafa. Ka'idojin da za mu ambata daga cikin wasanninsa muka tsamo su, gama aikin mutum shi ne bakinsa.

Abin da aka danƙa masa

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ana ce mata Mena, sunan wata barewa ta hamada. Tun daga samun mulkin kai a 1960 har shekara hamsin bayan haka, Mena ba ta taɓa zuwa babbar gasar cin kofin ƙasashen Afirka ba. Da aka raba rukunoni na neman zuwa gasar 2012, sai aka haɗa ta da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo, kuma ta ɗaya a rukuni ita ce ke da tabbacin wucewa. Masar a lokacin ita ke riƙe da kofin, ta ci shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Afirka ta Kudu kuwa ba ta daɗe da sallamar baƙin gasar cin kofin duniya ta 2010 ba, tana da filaye da kuɗi da likitocin ƴan wasa. Wannan shi ne kayan da aka ɗora wa Haruna Dula a ka.

Ga yadda wasannin shida suka kasance, kowa ya ɗauki alƙalami ya bi mu. A watan Satumba na 2010 Afirka ta Kudu ta ci Nijar 2 da 0 a gidanta. A watan Oktoba Nijar ta ci Masar 1 da 0 a Yamai, Musa Ma'azu ne ya jefa ƙwallon. A watan Maris na 2011 Nijar ta ci Saliyo 3 da 1 a Yamai, a watan Yuni Saliyo ta rama 1 da 0 a gidanta. A watan Satumba Nijar ta ci Afirka ta Kudu 2 da 1 a Yamai. A watan Oktoba Masar ta ci Nijar 3 da 0 a Alƙahira. Nasara maki 3 ce, kunnen doki maki 1, faɗuwa babu kome. Watau Nijar ta tashi da maki 9, kuma da su ta wuce.

A watan Disamba na 2011, a birnin Akara, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓi Haruna Dula a matsayin mai horon da ya fi kowa a Afirka a wannan shekara. Yabon gwani ya zama dole. To, amma mene ne ya kai shi nan?

Ka'ida ta farko: yi aiki da abin da ke hannunka

Masar da Afirka ta Kudu suna da manyan kulob masu albashi mai tsoka. Nijar kuwa ƴan wasanta da suka yi suna a waje ba su da yawa. Akwai Musa Ma'azu da ke Turai, akwai mai tsaron gida Kasali Dauda da ke Garwa ta Kamaru, akwai wasu kaɗan. Sauran da yawa a kulob na Yamai suke wasa, irin su Sahel da na soja da na gardin ƙasa.

Mai horo marar basira zai zauna yana kukan abin da ba shi da shi. Haruna Dula ya mai da wannan rashi ya zama jari. Yaran gida suna kusa, ana iya tara su a kowane lokaci, su kwana wuri ɗaya, su ci tukunya ɗaya, kowa ya san ƙafar ɗan'uwansa. Ƙasar da ƴan wasanta ke warwatse a Turai kuwa, sai kwana uku ko huɗu kafin wasa suke haɗuwa. A watan Fabrairu na 2011 ya kai yaran gida zalla gasar CHAN a Sudan, watau gasar da aka keɓe don masu wasa a cikin ƙasarsu. Suka fita daga rukuni, suka kai zagayen ƙasashe takwas, Sudan mai masaukin baƙi ba ta fitar da su ba sai da aka kai ga bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wata guda bayan haka aka ci Saliyo 3 da 1. Wanda ya lura zai ga gasar Sudan ita ce makerar da aka wasa wuƙar.

Manomin Cadakori ya san wannan hikima tun kafin a zo da ƙwallo. Ba ya barin gonar jigawa don ba shi da fadama. Yana neman irin da ya dace da jigawa, ya kai mata taki, ya yi noma a kan lokaci.

Ka'ida ta biyu: kada a ci ka a gidanka

Wasa uku aka yi a filin Janar Saini Kunce na Yamai, duka uku Nijar ta ci. Ƙwallo 6 ta jefa, 2 kaɗai aka jefa mata. Maki 9 ɗin nan duk a gida aka same su.

Wasu sukan ce ai zafin Yamai ne ya ci wasan, da ihun ƴan kallo. Lalle zafi ya taimaka, gama baƙo ba ya jure abin da ɗan gida ya saba da shi. Amma zafin nan yana nan tun kafin 2010, kuma ƙasashe da yawa sun zo Yamai sun tafi da maki. Rana ba ta jefa ƙwallo a raga. Abin da ya sauya shi ne an sami wanda ya san inda ƙarfinsa yake, ya tsara wasa a kansa: a tsare baya da kyau, a bar baƙo ya gaji, in dama ta samu a jefa wa mai gudu irin Ma'azu. Ba wasa ne mai ƙawa ba, amma shi ne daidai da kayan da ke hannu. Mai horo na ƙwarai yana sanin wasan da dole ya ci, ya zuba ƙarfinsa duka a can.

Ka'ida ta uku: a karanta doka kafin a shiga fili

Wannan darasi daga wajen abokin hamayya ya fito, kuma shi ne ya fi dacewa da ɗaliban yaƙi da jahilci. Ranar 8 ga Oktoba 2011 aka yi wasannin ƙarshe a lokaci guda. Nijar tana Alƙahira ana cin ta. Afirka ta Kudu tana gida tana karawa da Saliyo, babu wanda ya jefa ƙwallo. Da labarin Alƙahira ya iso, sai mai horon Afirka ta Kudu, Pitso Mosimane, ya ɗauka kunnen doki ya ishe su. Ya daina neman ci, yaransa suka yi ta ɓata lokaci. Da aka busa tashi suka zagaya fili suna rawa, ƴan kallo suna murna.

Lissafinsu shi ne: ƙasa uku sun yi maki 9, Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo, don haka za a duba yawan ƙwallaye. Afirka ta Kudu ta jefa 4 an jefa mata 2. Saliyo ta jefa 5 an jefa mata 5. Nijar ta jefa 6 an jefa mata 8. Da haka dokar take, da Nijar ce ta uku. Ashe dokar gasar, wadda ke rubuce kowa yana da ita, cewa ta yi in maki ya zo ɗaya, a fara duba wasannin da waɗanda suka yi daidai ɗin suka yi a tsakaninsu. Aka cire wasannin Masar. Nijar ta ci Saliyo sau ɗaya, ta ci Afirka ta Kudu sau ɗaya, maki 6. Afirka ta Kudu ta ci Nijar sau ɗaya ta yi kunnen doki biyu da Saliyo, maki 5. Saliyo ita ma maki 5. Rawa ta koma kuka.

Jama'a, ku duba fa. Ƙasa mai jami'o'i da lauyoyi da jaridu, ta rasa zuwa gasa saboda layi biyu na takarda da ba a karanta ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rashin karanta abin da ke aljihunka ya fi shi ciwo. Irin wannan ya sake faruwa ta wata fuska a gasar cin kofin duniya ta 2018. Senegal da Japan suka yi daidai a maki da ƙwallaye da kome, sai aka ƙirga katin gargaɗi, Senegal 6, Japan 4, aka fitar da Senegal. A kokowarmu ma gargaɗin alƙali yakan kayar da ɗan kokowa alhali bayansa bai taɓa ƙasa ba. Mai horon da bai san doka ba, yana kai yaransa fili da ido ɗaya a rufe.

Inda aikin ya gaza

Nazarin da babu gyara a cikinsa ya zama roƙo, mu kuwa ba maroƙa ba ne. Mu sake duba lissafin nan. Wasa uku aka yi a waje, duka uku aka faɗi. Ƙwallo 6 aka jefa wa Nijar, ita kuwa ko ɗaya ba ta jefa ba. Wasan Alƙahira ya fi muni, gama Masar ta riga ta fita daga takara, matasanta ta saka, amma suka ci 3 da 0 a ranar da Nijar ta fi bukatar maki. Gaskiya ɗaci gare ta: da Afirka ta Kudu ta jefa ƙwallo ɗaya tak a ragar Saliyo, da yau ba a maganar 2012. Akwai aiki a cikin nasarar nan, akwai kuma rabo, kuma bai kamata a ɓoye ɗaya don a ɗaukaka ɗaya ba.

Wannan rauni bai tsaya a 2011 ba. Ƙungiyoyin Haruna Dula sun iya rufe ƙofarsu, amma ba su cika iya buɗe ta wani ba. A gasar CHAN da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, wasa biyar ya yi, ƙwallo 3 aka jefa. A wadda aka yi a gabashin Afirka a watan Agusta na 2025, wasa huɗu, babu ƙwallo ko ɗaya, ko da yake an riƙe Afirka ta Kudu da Aljeriya babu ci. Tsarin tsare baya yana aiki muddin ba a riga ka jefa ƙwallo ba. Da zarar an riga ka, dole ka fito nema, in kuwa ba ka koya wa yaranka nema ba, sai ƙofar da ka tsare ta buɗe gaba ɗaya. Abin da ya faru ke nan da Aljeriya ta ci 5 da 0 a 2023. Wannan kaso na mai horo ne, ba a ɗora shi a kan kowa.

Ɗan kokowar da ya iya tsayuwa kaɗai, ba a kayar da shi da wuri, amma ba ya ɗaukar takobi. Sai ya iya shiga.

Abin da aka yi masa a Gabon

Kafin gasar 2012 hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ɗauko wani Bafaranshe, Rolland Courbis, a matsayin mai ba da shawara. Ranar 23 ga Janairu 2012 Nijar ta yi wasanta na farko a tarihin gasar, da Gabon mai masaukin baƙi, a gaban jama'arta. Gabon ta ci 2 da 0. Nan take aka danƙa wa mai ba da shawara ragamar, mutumin da aka naɗa gwanin Afirka wata guda da ya wuce ya koma baya.

Mu auna wannan hukunci da abin da ya haifar. Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko ta ci 1 da 0. Gaskiya wasan Tunisiya ya yi kyau, a nan Wiliyam Ngunu ya jefa ƙwallon Nijar ta farko a gasar, kuma sai dab da tashi aka ci Nijar. Amma maki babu, aka dawo gida hannu rabbana. Courbis bai daɗe ba, a watan Yuni ya tafi. Aka ɗauko Gernot Rohr, wanda shi ne ya jagoranci Gabon ranar da ta ci Nijar, kuma shi ne daga baya ya riƙe ƙungiyar Nijeriya daga 2016 zuwa 2021. Rohr ya kai Mena gasar 2013, kuma ku dubi yadda ya kai ta: Gini ta ci 1 da 0 a gidanta, Nijar ta rama 2 da 0 a Yamai. Hanyar Haruna Dula ce sak. A gasar kuwa Mali ta ci 1 da 0, aka yi babu ci da Kwango ta Kinshasa, Gana ta ci 3 da 0. Maki ɗaya, ƙwallo babu.

Me wannan ya nuna? Ya nuna ciwon faɗuwa a waje ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Yaron da bai saba shiga jirgi ba, bai saba da ciyawar wani fili ba, bai saba da ihun dubban mutane a kansa ba, ba ya warkewa don an sauya mai tsayuwa a gefen fili. Maganinsa shi ne yawan fita, da wasannin sada zumunci, da kuɗin da za a yi su, kuma wannan aikin hukuma ne. An ga wuyan biri, aka ɗaure shi a gindi.

Wani zai ce: ai Kodebuwa ta sauya mai horo a tsakiyar gasar 2024, kuma ta ci kofi. Haka ne. Bayan Gini Ikwatoriya ta ci ta 4 da 0, an sallami Jean-Louis Gasset, kuma a ƙarshe ta ci Nijeriya 2 da 1 a Abijan. Amma wa aka ba? Emerse Faé, mataimakinsa, tsohon ɗan wasan ƙasar, wanda ya san yaran ciki da waje. Can an karɓe daga hannun baƙo an ba wanda ya san gida. A Gabon kuwa an karɓe daga hannun wanda ya gina an ba wanda bai daɗe da isowa ba.

Kada kuma a ɗauka muna ƙin baƙo don baƙuncinsa. A watan Nuwamba na 2024, ƙarƙashin Badu Zaki ɗan Maroko, Mena ta je har Akara ta ci Gana 2 da 1. Wannan shi ne irin nasarar da aka rasa a 2011, kuma ta zo ne bayan Mena ta sha karɓar baƙinta a filayen Maroko a 2023 da 2024, saboda CAF ba ta amince da filin Yamai ba a lokacin. Dole ta sa yaran suka saba da waje. Ilmi ba shi da ƙabila, duk inda yake a ɗauko shi. Abin da muke ƙi shi ne ma'auni biyu: baƙo ya faɗi a ce a ba shi lokaci, ɗan gida ya faɗi sau ɗaya a ce bai iya ba.

Mu dubi Senegal. An naɗa Aliyu Sise a 2015. A 2017 Kamaru ta fitar da shi a zagayen ƙasashe takwas. A 2018 katin gargaɗi ya fitar da shi. A 2019 Aljeriya ta ci shi 1 da 0 a wasan ƙarshe. Sau uku ke nan da za a iya korarsa. Aka yi haƙuri, a watan Fabrairu na 2022 ya kawo wa ƙasarsa kofin Afirka na farko. Shekara bakwai. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka'ida ta huɗu: a kayar da kai, ka tashi ka karkaɗe walki

Wannan ita ce ka'idar da ta fi sauran nauyi a wurinmu. Mutane da yawa in an yi masu abin da aka yi wa Haruna Dula, sai su yi zuciya su bar fagen har abada. Shi kuwa bai bar sana'arsa ba. Da aka sake kiran sa ya riƙe yaran gida, ya karɓa, ko da yake matsayin bai kai na da ba. A Aljeriya, a watan Janairu na 2023, shekara goma sha ɗaya bayan Gabon, ya yi babu ci da Kwango ta Barazabil, ya ci Kamaru 1 da 0, ya ci Gana 2 da 0. Wasa uku ba a jefa masa ƙwallo ba. Mena ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba a gasar, ta ƙare ta huɗu bayan Madagaska ta ci ta 1 da 0.

Yaran 2023 ba su ne na 2011 ba. Wannan shi ne babbar shaida. Wanda ya yi nasara sau ɗaya ana iya cewa ya dace da yara ne. Wanda ya maimaita da wasu yaran daban bayan shekara goma sha biyu, to akwai abin da ya sani. Hukuncinmu ke nan: Haruna Dula magini ne na ƙwarai, ya iya tushe, ya iya katanga, rufin ne bai gama ƙwarewa a kai ba, kuma ranar da ya kamata a bar shi ya koyi rufin aka karɓe masa kayan aiki.

Abin da ya shafe mu a nan karkara

Wani zai ce ina ruwan mutumin Cadakori da Alƙahira. Akwai ruwansa. Kokowar takobi ƴan kokowa 80 take tarawa, 10 daga kowace jaha, kuma goman Maraɗi daga filayen ƙauyuka irin namu ake tsamo su. A watan Fabrairu na 2019 filin ƙwallo na Maraɗi ya karɓi wasannin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, yaranmu suka gani da idonsu. Kulob irin su Jangwarzo da Ɗan Kasawa daga cikin yaran gundumomi suke samun ƴan wasa. In mai horon ƙauye ya lalace, babu abin da zai isa Yamai. Saboda haka ga shawarwarinmu.

Ga masu horo. Kowa ya nemi littafi na rubutu. A rubuta sunan kowane yaro, da wasan da ya yi, da wanda ya kayar, da wanda ya kayar da shi, da irin kamun da ya ci shi. Duk hukuncin da muka yanke a wannan nazari, da rubutaccen lissafi muka yanke shi. Ba don an rubuta sakamakon 2011 da na 2013 ba, da surutun majalisa ne zai yi hukunci, shi kuwa surutu wasan jiya kaɗai yake tunawa. Littafin nan shi ne mai shaidarka ranar da aka taso maka. Wanda bai iya rubutu ba, ajin yaƙi da jahilci a buɗe yake, ba a tsufa da shi.

Na biyu, kafin kowace gasa a nemi dokarta a rubuce, a tara yara a karanta masu da babbar murya. In da Faransanci take, a kai wa malamin lakwal ko malamin yaƙi da jahilci ya juya ta da Hausa. Muna kuma kira ga masu shirya gasa su riƙa ba da dokar da harshen da ƴan wasa ke ji.

Na uku, a fita da yara. Zakaran Cadakori ya je Agye ya kama, na Gazawa ya zo Tibiri, inda babu makaɗinsa, babu dangin da za su yi masa guɗa. Gara ya faɗi a can tun yana yaro, da ya fara sanin baƙon fili ranar da takobi ke ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kwamitocin wasanni da magadan gari da masu hali da ke taimakawa. In za ku ba mutum yara, ku yanke masa wa'adi tun farko, kaka uku ga misali, ku faɗa masa abin da kuke so ku gani, a rubuta, kowa ya sa hannu. In wa'adi ya cika a buɗe littafi a duba: yara nawa ya tarar, nawa suka ƙaru, su wa suka kai gasar gunduma, su wa suka kai ta jaha. In ya gaza a sallame shi da mutunci. In kun ɗauko masa mai taimako, ku fayyace wa ke da magana ta ƙarshe, gama yara ba su bin murya biyu.

Ga mu ƴan kallo. Bakinmu ne ke tunzura shugabanni su yi gaggawa. Kafin ka ce a kori wane, tambayi kanka: me aka ba shi, me ya tarar, shekara nawa ya yi? In ba ka da amsar uku ɗin nan, to ka ba shi wata kakar.

Muna roƙon masu karatu da ke da mai horo a garinsu, na kokowa ko na ƙwallo ko na langa, su rubuto mana sunan garin da tarihin aikinsa, da hannunsu ko da taimakon malaminsu, don a san da su. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba yaranmu lafiya da ladabi a fili, amin.